Darasi na 7: Shiga Faransanci ta Ƙofar Hausa

Abin da za a zo da shi aji

Kowa ya zo da abu ɗaya daga gida ko daga shago: gwangwanin tumatir, ko kwalin magani, ko ledar madarar gari, ko fasfo ga mai shi. Ba sai an je nesa ba, shagunan bakin titin Jos a nan unguwar Bukan Sidi, cikin Lafiya, sun wadatar. Ku juya bayan kwalin. A kan kaya da yawa za ku tarar an yi bayani sau biyu, ɗaya da Ingilishi, ɗaya da wani harshe mai 'yan alamomi a kan wasula. Na biyun shi ne Faransanci. *Poids net* shi ne nauyin abin da ke ciki ban da mazubi. *Date de fabrication*, ranar da aka yi shi. *À consommer avant le*, a yi amfani da shi kafin rana kaza. A kwalin magani akwai jimlar da ya kamata kowace uwa ta gane: *Tenir hors de la portée des enfants*, wato a ajiye inda hannun yara ba zai kai ba. Mai fasfo kuma ya buɗe shafin da hotonsa yake, zai ga *nom*, sunan mahaifi ko na dangi, da *prénoms*, sunan yanka, da *date de naissance*, ranar haihuwa.

Ba don ado ake wannan rubutu ba. Duk ta inda mutum ya fita Najeriya ta ƙasa, zai faɗa ƙasar da ake aikin ofis da Faransanci: Benin a yamma, Nijar a arewa, Cadi a arewa maso gabas, Kamaru a gabas. A shekarar 1996 Janar Sani Abacha ya cire Jihar Nasarawa daga Filato, ranar 1 ga Oktoba, Lafiya ta zama babban birni. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma ya bayyana cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, kuma kundin manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2004, ya maimaita haka. Jiha dai ta tabbata, ga mu a cikinta. Maganar Faransanci kuwa yawancinta a takarda ta tsaya, don makarantun gwamnati da yawa ba su sami malaminsa ba. Shi ya sa magidanci a wannan aji da ɗansa da ke sakandare kusan wuri ɗaya za su faro.

A faɗi gaskiya kan inda ake buƙatarsa. Mai doya da ya yi lodi daga Lafiya zuwa Maraɗi ba ya neman kalmar Faransanci ko ɗaya wajen ciniki, Hausa ta ishe shi har Agadas. A watan Maris na 2025 ma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Amma rasit, da takardar kwastan, da takardar likita, da allon kan hanya, da Faransanci ake rubuta su. In kuwa tafiya ta miƙa Kwatano ko Lome ko Abijan ko Duwala, da mutum ya fita daga zangon Hausawa zai ga bakinsa ya mutu.

Littattafan koyon Faransanci da ake sayarwa a ƙasar nan kusan duk da Ingilishi suke bayani, sai mai koyo ya ɗauka dole ya ƙware a Ingilishi tukuna. Wannan dogon zagaye ne. A wurare da dama ginin Faransanci ya fi kusa da na Hausa, kuma ta nan za mu bi.

Sunayen da kun riga kun san su

Hanya mafi sauƙi ta gane yadda Faransanci ke amfani da haruffa ita ce a duba yadda aka rubuta sunayenmu da shi. Ku karanta waɗannan da ƙarfi: Tahoua, Tessaoua, Madaoua, Dogondoutchi, Guidan Roumdji, Garoua, Maroua. Garuruwa ne da kuke jin sunansu a rediyo: Tawa, Tasawa, Madawa, Dogon Dutse, Gidan Rumji, Garwa, Marwa. Ga kuma shugabannin Nijar uku: Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, da Mamadou Tandja, da Mahamadou Issoufou.

Daga nan kaɗai kun sami ƙa'idoji masu yawa. *Ou* shi ne u na Hausa, in wasali ya biyo shi ya koma w. *Tch* shi ne c, *dj* shi ne j. *Gu* kafin i ko e, g ne kawai. *Ss* shi ne s, don s guda ɗaya tsakanin wasula biyu z ake furta shi. *É* mai alama shi ne e. Sai ku ƙara da waɗannan: *ch* shi ne sh, kamar a *marché* (marshe), kasuwa; *oi* shi ne wa, kamar a *trois* (trwa), uku; *au* da *eau* duk o ne, har kalmar ruwa, *eau*, haruffa uku ce amma o kawai ake cewa; *ai* e ne; *qu* k ne; *gn* kamar ny, a *igname* (inyam), doya. *C* kafin e ko i s ne, haka ma *ç* mai wutsiya. *H* kuwa ana rubuta shi ba a furta shi ko kaɗan.

Babban tarkon mai karatun boko na Hausa shi ne sabon da ya yi na furta duk harafin da ya gani. Rubutunmu ya daidaitu ne a ƙarnin da ya wuce, don haka yana tafiya tare da baki. Na Faransanci tsoho ne. An kafa hukumar kula da harshen, Académie française, a 1635, ta fitar da ƙamusunta na farko a 1694, kuma tun wancan zamani rubutu yake riƙe da haruffan da baki ya riga ya yar. Ƙa'idar da za ta fisshe ku ita ce: *s*, *t*, *d*, *x*, *z* da *p* a ƙarshen kalma yawanci shiru suke, haka ma *e* maras alama. *Riz*, shinkafa, ri ne. *Prix*, farashi, pri ne. *Beaucoup*, da yawa, boku ne. *C*, *f*, *l* da *r* su ne suka fi fitowa a ƙarshe: *sac* (sak), buhu, *sel* (sel), gishiri.

Harafin da ya yi shiru yakan farka in kalmar da ke binsa ta fara da wasali. *Vous* vu ne, amma *vous avez* vuzave ne. *Les* le ne, amma *les enfants*, yara, lezanfan ne. Wannan ya sa sabon shiga yake ji kamar jimla gaba ɗaya kalma ɗaya ce.

Sautukan da ke ba Bahaushe wahala

Nan ne aikin yake, kuma nan za mu fi daɗewa.

A Hausa, ko mutum ya ce fanka ko panka, abu ɗaya yake nufi, ba mai yi masa gyara. A Faransanci p da f da b da v haruffa huɗu ne dabam-dabam, kuma suna raba ma'ana. Ga kalmomi huɗu masu wasali iri ɗaya: *pain*, burodi, *faim*, yunwa, *bain*, wanka, *vin*, giyar inabi. Wanda ya shiga shago a Kwatano neman burodi, leɓensa ya zame, zai iya tambayar abin da ko a mafarki bai sha ba.

Kowa ya kunna kyamarar gaba ta wayarsa ya kalli bakinsa. Wajen p, leɓɓa biyu su haɗu su rufe ruf, sannan su buɗe. Wajen f, leɓɓa ba sa haɗuwa sam: haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa, iska ta fita ta tsakaninsu. In ba ku ga haƙoranku a waya ba, ba f na Faransanci kuka yi ba. Wajen v, baki yana nan yadda yake a f, sai dai maƙogwaro ya yi rawa. Ku ɗora yatsu a maƙogwaro ku ja fff, ba za ku ji komai ba. Ku ja vvv, za ku ji yana kaɗawa. Lafiya gari ne mai harsuna da yawa, kuma wannan riba ce ga ajin. Mai jin Tibi yana da v tun daga gida, mai jin Fulatanci yana da p, kamar a puccu, doki. Malami ya sa su gaba su riƙa faɗa, saura su maimaita. A gwada kuma da *poisson* (pwason), kifi. *Boisson* (bwason), abin sha. *Poison* (pwazon), guba.

Na biyu, wasulan hanci. Ku ce nan, ku saurari yadda ƙarshen kalmar ke fita ta hanci. To ku sake faɗa, amma ku tsaya kafin harshe ya rufe hanya, ku bar wasalin kansa ya bi ta hanci. Iri uku ne: *an* ko *en*, baki a buɗe sosai, *on*, leɓɓa a dunƙule, *in* ko *ain*, baki a shimfiɗe kamar mai murmushi. *Banc*, benci, *bon*, mai kyau, *bain*, wanka. A wannan littafi in kun ga n a ƙarshen gaɓa cikin baka biyu, alamar hanci ce, ba a furta ta cikakkiya.

Akwai wurin da wannan bambanci ya wuce wasa. Ɗan Najeriya *nigérian* ne, da wasalin *banc*. Ɗan Nijar *nigérien* ne, da wasalin *bain*. Mace kuma *nigériane* (nijeryan, a fitar da n sosai) ko *nigérienne* (nijeryen, ita ma a fitar da n). Harafi ɗaya ne a takarda, amma a bakin iyaka shi ke nuna ƙasar da mutum ya ce tasa ce. A maimaita waɗannan huɗu har sai kowa a aji ya iya bambance su da ido a rufe.

Na uku, *u* shi kaɗai, wanda ba u na Hausa ba ne. Ku ja iii, kada harshe ya motsa, sai ku turo leɓɓa kamar mai shirin yin fito. Sautin da ya fita shi ne *u*. Za mu rubuta shi ü. *Rue* (rü), titi. *Roue* (ru), taya. *Dessus* (dösü), a sama. *Dessous* (dösu), a ƙasa, kalmomi biyu da duk mai lodin mota ya kamata ya rarrabe. Haka ake samun *eu*, wanda za mu rubuta ö: a ja eee, a turo leɓɓa. *Deux* (dö), biyu, dabam yake da *douze* (duz), sha biyu, kuma tazarar da ke tsakanin dubu 2 da dubu 12 ba ƙarama ba ce.

*J* na Faransanci ya fi namu laushi. Sh ne da aka sa wa rawar maƙogwaro. Hausawan Nijar da dama haka suke furta j ɗinsu ko a Hausa, sai ku saurari maƙwabcinku ɗan can in ya ce jiya.

Sai *r*, wanda mutane suka fi tsoro alhali shi ya fi kowanne rashin haɗari. A Faransa daga maƙogwaro yake fita, kusa da harafin غ na Larabci, wanda duk wanda ya yi makarantar allo ya sha gyara a kansa. Mai iya wannan ya yi amfani da shi. Wanda bai iya ba ya yi r ɗinsa na Hausa, don miliyoyin masu Faransanci a Afirka ta Yamma da bakin harshe suke kaɗa shi, kuma ana fahimtarsu sarai. Kada a ɓata mako guda a kan *r* alhali p da v ba su zauna ba.

Nahawun da kuke da shi tun daga gida

Ɗalibin da Ingilishi kaɗai ya sani yakan yi mamakin jin cewa tebur ko mota suna da jinsi. Bahaushe ba ya mamaki. Mun saba cewa gida ne, mota ce. Wannan dokin, waccan rigar. Faransanci ma kowane suna ko namiji ne, ya ɗauki *le* ko *un*, ko mace, ya ɗauki *la* ko *une*. Jam'i *les* ko *des* ne ga duka biyun, yadda jam'in Hausa ma ba ya raba jinsi.

Sai dai jinsin ba kullum yake dacewa da namu ba, kuma nan ne Hausa za ta iya yaudarar ku. Mota mace ce, *la voiture* ma haka. Hanya da *la route*, gishiri da *le sel*, riɗi da *le sésame*, duk sun dace. Amma kasuwa mace ce, *le marché* namiji. Gida namiji ne, *la maison* mace. Shinkafa da *le riz*, nama da *la viande*, duk sun saɓa. Rana da wata ma musanya suka yi: *le soleil*, *la lune*. A Hausa ƙarshen kalma da a yakan nuna mace. A Faransanci babu alama mai sauƙi haka, ban da 'yan kaɗan, kamar kalmomi masu ƙarewa da *-tion*, waɗanda mata ne. Maganin ɗaya ne: kada ku taɓa haddace suna shi kaɗai. Ba *marché* za ku rubuta a littafinku ba, *le marché*. In suna ya fara da wasali, *le* da *la* sukan koma *l'*: *l'eau*, *l'école*. Irin waɗannan ku haddace su da *un* ko *une* don jinsin ya fito: *une école*.

Wannan *l'école* ita ce lakwal da kuke ji a bakin mutanen Nijar, an haɗiye ta tare da *l'* ɗinta. Hausar can cike take da irin wannan aro, kuma jari ne ga mai koyo: mushe daga *monsieur*, jandarma daga *gendarme*, duwan daga *douane*, wato kwastan, kuran daga *courant*, wutar lantarki, kaye daga *cahier*, littafin rubutu. Mai shayi ko mai gadi ɗan Nijar da ke unguwarku zai iya ba ku irinsu da dama a zama ɗaya, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Sifa tana bin jinsin suna, kamar yadda muke cewa farin doki, farar mota, fararen motoci: *un cheval blanc*, *une voiture blanche*, *des voitures blanches*. Yawanci bayan suna take zuwa, irin mota fara. 'Yan kaɗan ne ke shiga gaba, kamar *petit*, ƙarami, da *grand*, babba, da *bon*. Ku lura da abin da *e* na mace ke yi: yana tayar da harafin da ya yi shiru. *Petit* pöti ne, *petite* pötit ce.

Mallaka ma jerinta irin namu ne, abu a gaba, mai shi a baya, *de* a tsakiya a madadin -n ko -r. *Un sac de riz*, buhun shinkafa. *La voiture de mon père*, motar mahaifina. In *de* ya haɗu da *le* sai su zama *du*: *le prix du sésame*, farashin riɗi. Bambanci ɗaya ne abin lura. Hausa tana nuna jinsin abu da na mai shi duka, motarsa, motarta. Faransanci jinsin abu kaɗai yake dubawa: *sa voiture* motarsa ce kuma motarta ce, *son sac* buhunsa ne kuma buhunta ne.

Korewa gida biyu gare ta, aikatau a tsakiya, tamkar ba da ba ɗinmu. *Je sais*, na sani. *Je ne sais pas* (jö nö se pa), ban sani ba. *Il ne vient pas*, ba zai zo ba, ko ba ya zuwa. A maganar yau da kullum sukan yar da *ne* su bar *pas*, don haka kunnenku ya fi tsaron *pas*.

Aikatau uku za ku haddace a wannan mako. Na farko *être*, mai aikin ne da ce: *je suis, tu es, il est, elle est, nous sommes, vous êtes, ils sont*. *Je suis commerçant*, ni ɗan kasuwa ne. Mace ta ce *commerçante*. Na biyu *avoir*, wato da: *j'ai, tu as, il a, nous avons, vous avez, ils ont*. Da shi ake faɗin shekaru, daidai da Hausa: *j'ai quarante ans*, ina da shekara arba'in. Da shi kuma ake cewa *j'ai faim*, ina jin yunwa, *j'ai soif*, ina jin ƙishirwa. Na uku *aller*, tafiya: *je vais, tu vas, il va, nous allons, vous allez, ils vont*. Ku dubi yadda za ke aiki a Hausa: za ni kasuwa, tafiya ce, zan saya, abin da ke gaba ne. *Aller* ma aikin nan biyu yake yi. *Je vais au marché*, za ni kasuwa. *Je vais acheter*, zan saya. Da wannan kaɗai kun iya maganar gobe.

Sauran aikatau mafi yawa suna ƙarewa da *-er*, kuma rubutunsu ya fi furucinsu ban tsoro. *Je parle, tu parles, il parle, ils parlent*, duk parl ake cewa. Biyu ne kawai ke sauyawa a kunne: *nous parlons* (parlon), *vous parlez* (parle).

*Tu* shi ne kai ko ke, ba ya raba jinsi. *Vous* shi ne ku, na jam'i da kuma na girmamawa, yadda yaro mai tarbiyya zai ce, Baba, kun tashi lafiya? Jami'i, da dattijo, da suruki, da duk wanda ba ku saba da shi ba, *vous* ne. In kun rasa wanda za ku ɗauka, ku ɗauki *vous*, ba a taɓa jin haushin mutum don ya girmama wani ba.

Ƙidaya da kuɗi

Daga 1 zuwa 16 hadda ce: *un, deux, trois, quatre, cinq, six, sept, huit, neuf, dix, onze, douze, treize, quatorze, quinze, seize*. Daga 17 sai a koma irin goma sha bakwai: *dix-sept, dix-huit, dix-neuf*. Gomomi kuma *vingt, trente, quarante, cinquante, soixante*, 20 zuwa 60. Ɗari *cent*, dubu *mille*.

Bayan 69 ne lissafi ke shigowa. 70 *soixante-dix* ne, sittin da goma. 75 *soixante-quinze*, sittin da sha biyar. 80 *quatre-vingts*, ashirin sau huɗu, 90 *quatre-vingt-dix*, 99 *quatre-vingt-dix-neuf*. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kakanninmu ma da hauya suke ƙirga wuri, ashirin-ashirin. A Beljiyam da Suwizalan da Kwango ta Kinshasa sun huta, suna cewa *septante* da *nonante*, amma maƙwabtanmu huɗu tsarin Faransa suke bi. Abin zai fi cizon ku wajen karɓar lambar waya, don bibbiyu ake karanta ta. In aka ce *quatre-vingt-seize*, sabon shiga sai ya rubuta 4 da 20 da 16, alhali 96 ake nufi. Ku jira mai magana ya kai ƙarshen gaɓar kafin biro ya taɓa takarda.

Kuɗin maƙwabta sefa ne. Na Nijar da Benin iri ɗaya ne, na Cadi da Kamaru wani iri. Darajarsu ɗaya, an ɗaure su da yuro a kan sefa 655.957, amma takardun dabam suke. A Hausar Nijar da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya sefa 5 ce. *Cent francs*, sefa 100, dala ashirin ke nan. *Cinq cents francs* dala ɗari. *Mille francs* jika ɗaya. Abin da aka faɗa da Faransanci a raba shi biyar, a sami dala. A rasit kuma waƙafi yana nufin ɗigo: 2,5 kg kilo biyu da rabi ne, dubbai kuwa da fili ko ɗigo ake raba su, 12 500 ko 12.500.

Tattaunawa

A bakin iyaka. Mutum biyu su karanta, sannan su musanya.

Jami'i: *Bonjour, monsieur. Vos papiers, s'il vous plaît.* Barka da rana, malam. Takardunka, don Allah.
Matafiyi: *Bonjour, chef. Voici mon passeport.* Barka kadai, yallaɓai. Ga fasfona.
Jami'i: *Vous êtes nigérien ?* Ɗan Nijar ne kai?
Matafiyi: *Non, je suis nigérian. Je viens de Lafia.* A'a, ɗan Najeriya ne. Daga Lafiya nake.
Jami'i: *Vous allez où ?* Ina za ka?
Matafiyi: *Je vais à Cotonou. Je vais acheter des pagnes.* Kwatano za ni. Atamfa zan saro.
Jami'i: *Pour combien de jours ?* Kwana nawa za ka yi?
Matafiyi: *Pardon, je ne comprends pas. Parlez lentement, s'il vous plaît.* A gafarce ni, ban gane ba. A yi magana a hankali, don Allah.
Jami'i: *Combien de jours ?* Kwana nawa?
Matafiyi: *Cinq jours.* Kwana biyar.

Jimlar da ta fi kowace daraja a nan ita ce ta neman a sassauta magana. Wanda ya riƙa gyaɗa kai yana *oui, oui* alhali bai gane ba, zai iya amsa laifin da bai yi ba ko farashin da bai ji ba.

A rumfar atamfa.

Mai saye: *Bonjour, madame. C'est combien ?* Sannu da kasuwa, Hajiya. Nawa ne?
Mai kaya: *Douze mille cinq cents.* 12,500.
Mai saye: *C'est trop cher. Diminuez un peu.* Ya yi tsada. A rage mini.
Mai kaya: *Vous donnez combien ?* Nawa ka saya?
Mai saye: *Dix mille.* 10,000.
Mai kaya: *Ajoutez mille francs.* Albarka. Ƙara jika ɗaya.
Mai saye: *D'accord.* To, na saya.

Ga mai son wucewa gaba

Alliance Française, ƙungiyar da aka kafa a Faris a 1883, tana da rassa a Jos da Kaduna da Kano, kuma ta wurinta ake zana jarrabawar DELF, mai matakai daga A1 zuwa B2. Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi tana koyar da Faransanci har matakin digiri, ɗaliban wannan fanni kuma sukan je Ƙauyen Faransanci na Badagiri a Jihar Legas, wanda aka kafa a 1991, su zauna inda ba a jin wani harshe sai shi. Wanda ba shi da halin ko ɗaya daga ciki, gidan rediyon RFI yana da labarai na minti 10 cikin sassauƙan Faransanci, *Journal en français facile*, ana samunsa a waya. Ku fara jin labaran ranar da Hausa, sannan ku kunna wannan. Sanin abin da ya faru zai riƙa haska muku kalmomin.

Aikin yi

1. Karanta da ƙarfi, sannan ka rubuta da Hausa: Zinder, Birni N'Konni, Kousséri, Aïchatou, Ousmane, Abdoulaye. Wanne daga ciki ne garin da Hausawa ke kira da wani suna dabam?

2. Bibbiyu: ɗaya ya juya baya, ɗaya ya faɗi *pain*, *faim*, *bain* ko *vin* ba bisa jeri ba, mai juya baya ya faɗi ma'anar da Hausa. A yi haka da *nigérian* da *nigérien*, da *deux* da *douze*.

3. Sa *le* ko *la*: *marché, maison, riz, viande, route, sel, lune*. Ja layi ƙarƙashin waɗanda jinsinsu ya saɓa da na Hausa.

4. Kore waɗannan: *Je comprends. Il va au marché. Nous sommes commerçants.*

5. Rubuta da alƙaluma, sannan ka faɗi dala nawa ne: *soixante-quinze francs, deux cent cinquante francs, quatre-vingt-dix mille francs.*

6. Gabatar da kanka a jimla huɗu: *Je m'appelle…* sai sunanka, *j'ai… ans*, *je suis…* sai sana'arka, *j'habite à Bukan Sidi*. Malami zai ba kowa sunan sana'arsa da Faransanci.

7. Aikin gida: kwafo duk rubutun Faransanci da ke kan kwalin da ka zo da shi, ka zagaye haruffan da kake zaton ba a furta su. Za a gyara tare a zama mai zuwa, kafin a shiga yadda ake ba da labarin abin da ya wuce.